Yadda Mai Gyaran Rediyo Ya Kai 'Yan Matan Gwaram Gasar Robot

Tun da aka kawo kofin nan daga Abuja aka ajiye shi a ofishin shugabar makaranta, ba a yin mako guda wani matashi bai zo rumfata a kasuwar Gwaram ya ce in koya masa haɗa robot ba. Wani har wa'adi yake yanka mini, wai hutun mako biyu ya samu, yana so ya gama kafin a koma. Sun gani a waya: 'yan mata uku sun danna maɓalli, inji ya tashi da kansa ya bi layi, ya ɗauki kaya ya ajiye, jama'a na tafi. Minti biyu da rabi ke nan. To, ku gyara zama ku ji abin da ke bayan wannan minti biyu da rabi, domin ni da gawayi da mafici na fara.

Sunana Haladu. A Fagam aka haife ni, amma a Birnin Kudu na koyi sana'a, wajen wani Bayarabe da ake kira Baba Sunday, mai rumfar gyaran rediyo kusa da tasha. Sai da na shekara ina shara ina hura wuta kafin ya bar ni na taɓa kayan mutane. A lokacin wutar lantarki ba ta zama, saboda haka ƙarfen da muke narka dalma da shi a cikin garwashi ake sa shi, kuma aikina ne in san lokacin da ya yi zafin da ya dace. In ya yi sanyi dalma ta ƙi narkewa, in ya zarce ya ƙone allon cikin rediyo, wanda ake liƙa wayoyi a kansa. Ba abin aunawa, sai dai ka matso da shi kusa da kumatunka ka ji hucinsa.

Aikin farko da aka ba ni rediyon wani direban babbar mota ne. Tana magana lafiya ƙalau in mota na tsaye, amma da an faɗa rami sai ta yi shiru. Na buɗe, na gano wayar sifika ce ta saki, na ɗiga mata dalma na rufe, na kunna, ta kama waƙa. Na miƙa wa Baba Sunday. Ya karɓa, ya ƙwanƙwasa bayanta da ƙotar sukundireba sau ɗaya, ta mutu. Ya sa na sake buɗewa, ya nuna mini liƙin da na yi, ya yi fari-fari kamar toka, ya tsaya a kan wayar kamar ƙwallon kashin akuya. Ya ce da ni da Hausarsa mai karkata:

"Waya za ka zafafa, ba dalma ba. In waya ta yi zafi, ita za ta sha dalma da kanta. Liƙi mai gaskiya yana ƙyalli."

Sau tara na sake wannan liƙi ranar, direban yana zaune a benci yana cin gyaɗa yana kallona. A na tara ne Baba Sunday ya ƙwanƙwasa, ya jijjiga, ya ɗan saki rediyon a kan tebur, ba ta daina waƙa ba.

Kayan aikin da na fita da su daga wajensa ba su cika jakar hannu ba: ƙarfen dalma biyu, filaya, sukundireba uku, mita mai allura ta auna wuta, tsohon buroshin haƙori na goge allo, da gilashin ƙara girman abu. Sauran kayan aikin a jikin mutum suke. Hanci shi yake fara gaya maka wani abu ya ƙone kafin ka kwance murfi. Kunne yana bambance kukan batir da ya yi sanyi da kukan waya da ta saki. Yatsa kuwa, in ka ɗora shi a kan allo ka ji wuri ɗaya ya fi ko'ina zafi, to nan ciwon yake.

A shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano na buɗe rumfata a Gwaram. Lokacin kowa yana so ya ji labarin sabuwar jiha, ba gidan da ba rediyo, kuma ba rediyon da ba ta lalacewa. A nan na koyi halin masu kawo gyara. Akwai wani dattijo da ya kawo mini rakoda ya rantse ba abin da ya same ta, haka kawai ta mutu. Ina buɗewa na tarar da busasshen kunu a kan allon, har da tsamiyarsa. Ban ce ya yi ƙarya ba, na dai goge na gyara, na ce ya riƙa rataye ta nesa da jikoki. Mai kawo gyara yana faɗa maka abin da ya gani ne, inji kuma ya faɗa maka abin da ya faru. Daga baya wayar hannu ta shigo, rediyo ta ja baya, na koma gyaran fanka da tocila da kayan sola. Duk dai waya ce da dalma.

Wata lasifika ce ta kai ni makarantar kwana ta 'yan mata da ke gefen gari. Shugabar makarantar ta aiko a ɗauke ni domin na'urar da take magana da ita a taron safe ta daina aiki. Ina cikin gyara sai malamin kwamfuta, wani matashi Malam Nura, ya tsaya a kaina yana kallon hannuna. Da na gama ya ja ni wani ɗaki mai taga ɗaya, ya buɗe kwali. A ciki akwai tayoyi, da ƙananan moto masu juya su, da ƙarafa masu huda, da wayoyi kala-kala, da wani ɗan allo da ya ce shi ne ƙwaƙwalwar injin. Ya ce an saka makarantarsu a gasar haɗa robot ta ɗalibai. Shi ya iya rubuta umarnin da ake zubawa a ƙwaƙwalwar daga kwamfuta, amma bai taɓa riƙe ƙarfen dalma ba. Ya nemi in riƙa zuwa Talata da Alhamis bayan la'asar.

Ga yadda gasar take. Akwai farin tebur mai faɗin tabarma biyu, an ja baƙin layi a kansa mai lanƙwasa uku. A ƙarshen layin an jera ƙananan katakai masu kusurwa huɗu. Inji zai bi layin, ya kama katako ɗaya, ya juyo ya kai shi wani akwati a bakin tebur, ya koma ya ɗauko wani. Wanda ya fi kai katakai cikin minti biyu da rabi shi ya ci. Da zarar an danna maɓalli ba mai taɓa shi. Abin da ke sa shi bin layi wasu 'yan idanu ne guda biyu a ƙarƙashinsa, masu bambance baƙi da fari. Za a fara karawa a Dutse, makarantar da ta yi fice ta wakilci jiha a Abuja.

Shekarar farko ita ce mummunar shekara, kuma ni na ɓata ta. An ba ni ɗalibai biyar. Duk wadda na miƙa wa sukundireba sai in ga tana juya noti ta hagu, ko ta riƙe ƙarfen dalma kamar muciya. Ni kuwa aikin minti biyar ne a wajena. Sai in ce kawo, in yi, su tsaya suna kallo. A haka na haɗa injin gaba ɗaya da hannuna, Malam Nura ya rubuta umarnin da nasa hannun, 'yan matan suka shafa masa fenti suka rubuta sunan makaranta a jiki. Inji ya yi kyau, yana gudu, muka tafi Dutse muna ganin an gama.

Abin da ban karanta da kyau ba a takardar gasa shi ne, babba ba ya shiga inda ɗalibai suke. An ja igiya, malamai suna baya. A jijjigar hanya wata waya ta moton hagu ta zame daga mazauninta. Da aka danna maɓalli, taya ɗaya ce ta juya, inji ya yi ta zagaye a wuri ɗaya kamar kazar da aka yanka. Daga inda nake tsaye ina hango wayar, ja ce, tana reto. An ba su minti goma su gyara. Suka kewaye shi su biyar, ba wadda ta san inda za ta sa hannu. Wata mata cikin alƙalan gasa ta tambaye su dalilin da ya sa aka ɗora batir a baya ba a gaba ba, ɗaya ta ce Malam Haladu ne ya sa. Matar ta rubuta wani abu a takardarta ta wuce. Mu muka zo na ƙarshe.

A mota muna dawowa na ce da su kada su damu, faɗuwa ba a kansu aka fara ba. Ƙaramar cikinsu, Rabi'atu, 'yar wani kafinta a nan Gwaram, tana zaune a baya da kwalin injin a cinyarta. Ta ce:

"Malam, ai mu ba mu faɗi ba. Ba mu yi komai ba balle mu faɗi. Injinka ne ya faɗi."

Ba da raini ta faɗa ba. Har muka wuce Birnin Kudu ina juya maganarta a raina.

Da shekara ta zagayo na gaya wa Malam Nura sharaɗina, cewa daga ni har shi ba mai taɓa injin. Ya ce za a sha wuya, na ce a sha. Muka zaɓi uku. Rabi'atu ta riƙe wayoyi da liƙi. Sa'adatu, 'yar wani malamin Alƙur'ani daga Yalwan Damai, ita ta fi kowa lissafi, aka ba ta rubuta umarni. Ta ukun Ladi ce, Kirista, mahaifiyarta ma'aikaciyar jinya ce a asibitin Birnin Kudu, asalinsu daga Filato. Ita aka ba ƙera hannun da zai kama katako, da rubuta duk abin da aka gwada a littafi. Amma na ce kowacce sai ta iya aikin 'yar'uwarta, ko da rabi ne.

Mako shida ba su ga kwalin robot ba. Na kwaso matattun rediyoyi daga rumfata cikin buhu na zube musu, na ce kowacce ta cire duk abin da ke jikin allo ɗaya bayan ɗaya, ta kuma mayar. Ladi ta ƙona yatsa a rana ta biyu, ta sa shi a baki ta ci gaba. Sa'adatu ta yi ƙorafi wajen Malam Nura cewa ita kwamfuta aka ce za ta yi, ba aikin 'yan gwangwan ba. Na ce ta yi haƙuri, ranar da umarninta ya ƙi aiki tana bukatar ta san ko laifin lissafinta ne ko laifin waya. Duk liƙin da suka yi sai na ƙwanƙwasa shi da ƙotar sukundireba. Wanda ya saki a sake. Rabi'atu ce ta fara rantsewa cewa tana gane liƙi mai kyau tun kafin ya huce.

Ana cikin haka saƙo ya zo daga Yalwan Damai cewa a cire Sa'adatu daga wannan aiki. Mahaifinta, Alaramma Malam Shu'aibu, ya ji ana cewa 'yarsa tana ƙera mutum-mutumi a makaranta, shi kuwa ba zai yarda zuriyarsa ta yi sura mai kama da halitta ba. Shugabar makaranta ta so ta rubuta masa takarda, na ce takarda ba za ta yi ba, a bar shi ya gani da idonsa. Lokacin sun haɗa ƙasan injin, yana iya bin layi amma ba shi da hannu tukuna. Ranar Asabar muka ɗauke shi a kwali, ni da Sa'adatu da wata malama, muka tafi.

Mun same shi a zaure a kan buzu, littattafai a gefensa. Bayan gaisuwa na ce, Allah gafarta Malam, ga abin da ake magana a kai. Ya juya shi sama da ƙasa, ya leƙa ta ko'ina, ya tambaya ina fuskarsa, na ce ba shi da ita. Ya tambaya wa ke gaya masa inda zai bi, na nuna 'yarsa. Sa'adatu ta durƙusa ta manna baƙin salatif a daɓen zaure, ta ajiye inji ta danna, ya bi layin har bakin ƙofa. Malam ya ce a tsaya. Ya tashi da kansa ya ɓanɓare salatif ɗin, ya sake manna shi ta wata hanya daban, ya zagaye butar alwala da shi. Aka danna, inji ya zagaye butar. Ya sa 'yarsa ta yi masa bayanin yadda idon yake gane baƙi, ya saurara har ta gama, ya yi tambaya biyu da ni kaina ban san amsarsu ba, ita ta amsa. Sannan ya ce:

"Wannan ai amalanke ce da aka koya wa hanya. Wanda ya sa mata suna mutum-mutumi shi ya jawo magana. Ta je, amma malama mace ta raka su duk inda za su."

Hannun injin shi ya fi ba mu wuya. Ladi ta ƙera shi da ƙarafan cikin kwali, yana kama katako, amma da an zo lanƙwasa sai katakon ya sulɓe. Na san maganin abin tun ranar farko. Na sa hannuwana a aljihu na tsaya a bakin taga. Ta matse hannun sosai, moto ya yi zafi ya tsaya. Ta manna masa soso, soson ya yage. Kwana goma sha ɗaya tana fama. Wata Alhamis ta shigo da guntun robar tayar keke da ta karɓo wajen mai gadin makaranta, ta yanka siri-siri ta naɗe yatsun hannun da ita. Katako ya zauna kamar an ɗaure shi. Ni abin da na yi niyya daban ne, kuma nata ya fi nawa sauƙi.

Da inji ya kammala sai na shiga yi musu ɓarna. Kafin su fito daga aji nakan shiga ɗakin in sassauta waya ɗaya, ko in juya batir, ko in shafa wa ido ɗaya man kaɗe. Su zo su danna, ya ƙi, in duba agogo in ce minti goma. Da farko sai su rikice kowa na magana. A hankali suka yi wa kansu tsari: Rabi'atu ta fara da mita ta auna batir, ta bi wayoyi ɗaya-ɗaya tana ja, Sa'adatu ta jona kwamfuta ta karanta abin da idanun ke gani, Ladi ta juya tayoyi da hannu tana saurare. Wata rana suka yi minti ashirin ba su gano komai ba, suka zo suka ce sun gaza, in faɗa musu abin da na taɓa. Na ce yau ban taɓa komai ba. Suka koma, suka gano haƙorin wata ƙaramar giya, cikin masu haƙoran da ke juya taya, shi ne ya karye da kansa. Daga ranar suka daina kallon fuskata in abu ya lalace.

A Dutse ba a sha wuya ba. Injinmu ba shi ne mafi sauri ba, amma duk katakon da ya kama sai ya kai shi. Matar nan alƙaliya ta shekarar baya tana nan, ta tsaya a teburinsu ta daɗe tana tambaya, Ladi na buɗe mata littafi shafi-shafi. Muka zo na ɗaya a jiha.

Zauren Abuja ya fi filin ƙwallon makarantarmu girma. Makarantu sun zo daga ko'ina a ƙasar nan, wasu da riguna iri ɗaya da akwatunan kayan aiki masu taya, wasu da magoya baya cike da bas. Mu kuwa mu shida ne har da malamar rakiya, injinmu a kwalin taliya an kewaye shi da tsummoki. A sama an jera manyan fitilu masu haske kamar tsakar rana. Na lura da su, amma ban kawo komai a raina ba.

Zagayen farko, Sa'adatu ta danna maɓalli. Inji ya tafi taku biyu, ya bar layi, ya nufi gefen tebur ya tsaya yana kaɗa kai. Ko katako ɗaya bai taɓa ba. Saura zagaye ɗaya, in aka sake haka sai gida, kuma tsakani minti arba'in ne. Malam Nura ya kama igiyar da ta raba mu da su kamar zai tsallaka. Na riƙe masa hannun riga.

Daga nesa na ga sun bi tsarinsu. Batir lafiya. Wayoyi lafiya. Sa'adatu ta jona kwamfuta ta ɗora injin a kan baƙin layin teburin gwaji, ta tsaya tana kallon lambobi, sannan ta ɗaga kai ta dubi fitilun sama. Ta cire gefen mayafinta ta yi wa injin inuwa, ta sake duba lambobin. Daga baya ta yi mini bayani: a ɗakinmu mai taga ɗaya aka saba wa idanun, a nan kuwa haske yana shiga ƙarƙashin injin ya dawo daga farin tebur, sai idon ya ga ko'ina fari, har baƙin layin. Ladi ta zazzage jakarta ta fito da ragowar robar taya. Rabi'atu ta yanka ta zagaye idanun da ita kamar an sa musu zane, ta bar tazarar da ba za ta goga tebur ba. Sa'adatu ta sake auna baƙi da fari a hasken zauren ta canza lambobin. Sun gama da sauran minti shida.

A cikin minti shidan nan wani yaro daga wata makarantar Inugu ya zo teburinsu da moto a hannu, wayarsa ta tsinke daga gindi, ƙarfen dalmarsu kuma ya ƙi zafi. Rabi'atu ta karɓa ta liƙa masa, ta ƙwanƙwasa da ƙotar sukundireba, ta miƙa masa. Tun daga lokacin duk sanda aka kira Jigawa, 'yan Inugu ne ke yi mana tafi.

Zagaye na biyu inji ya kai katako biyar. Muka tsallake. Aka koma karawa biyu-biyu, wanda ya faɗi ya fita. Muka fitar da wata makarantar Kaduna, muka fitar da ta Ibadan da tazarar katako ɗaya. Tsakanin kowane zagaye Rabi'atu na canza batir tana jan kowace waya, Ladi na goge robar hannun da gefen rigarta. Da la'asar sai ga mu a karawar ƙarshe da wata makarantar Legas.

Injin Legas ya ninka namu sauri. Kafin namu ya kai katako na farko, nasu ya kai biyu. Zaure ya ɗauki ihu. Amma a lanƙwasa ta biyu, da gudun nan, katakonsu na uku ya fice ya faɗi ƙasa, injin ya ci gaba ya kai hannu wofi akwati. Namu yana tafe kamar jakin da ya san hanyar gida. Suka kai na uku, muka kai na uku. Suka sake yar da wani a wannan lanƙwasar. Aka zo huɗu da huɗu, saura daƙiƙa goma sha biyar a babban agogo. Nasu ya juya ya ruga ɗauko wani, namu kuwa ya riga ya kama na biyar yana kan hanya. Ya shiga lanƙwasar ƙarshe a hankali, ya miƙe, ya tsaya a bakin akwati. Hannun ya buɗe, katako ya faɗa ciki, sannan aka busa usur.

Ladi ta durƙusa a wurin. Sa'adatu ta rufe fuska da mayafi. Rabi'atu kuwa kafin ta yi komai sai da ta miƙa hannu ta kashe injin don kada batir ya ƙone. Da aka kira su karɓar kofi, mai gabatarwa ya ce malamansu su hau tare da su. Malam Nura ya hau. Ni na tsaya a ƙasa na riƙe kwalin taliya, domin wani ya kula da kayan aiki.

Da muka dawo, tun daga mashigar gari 'yan acaɓa suka tare mu da ham har ƙofar makaranta. An yi taro, an yi jawabai, an ɗauki hotuna. Bayan mako biyu komai ya lafa, na koma rumfata na ci gaba da fanka da tocila.

A hutun ƙarshen zango, ranar kasuwa, Rabi'atu ta kawo wa mahaifinta abinci rumfarsa ta kafinta, ta biyo ta gaishe ni. Muna cikin gaisawa sai ga wata dattijuwa daga ƙauyen bayan Fagam, ta sauko daga babur da akwatin sola a ka, irin wanda ake cajin waya da shi. Ta sauke a kan teburina, ta ce ya daina kawo wuta tun ruwan makon jiya, kuma da shi take ci da marayu. Na jawo sukundireba zan kwance. Ta dafa akwatin da hannu.

"Malam, ba kai nake nema ba. An ce mini a nan ake samun yarinyar da ta ci Abuja."

Rabi'atu ta sunkuyar da kai ta ce, Inna, ai shi ya koya mini. Tsohuwar ta ce ta ji, Allah ya saka masa, amma ita dai yarinyar take so ta duba. Shekara talatin da ɗoriya ina kan wannan kujera ba wanda ya taɓa tashe ni. Na miƙe, na kakkaɓe mata kujerar, na tura mata mita da ƙarfen dalma, na koma benci kusa da tsohuwar na zauna cikin masu jira.